Shaihu Umar da Mahaifiyarsa: Wa Ke Tafiyar da Labarin?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malaman makarantu, ɗalibai 'ya'yanmu na Jega da Aliero da Maiyama.

An nemi mu yi tsokaci a kan nazarin littattafan adabin da ake karantawa a makaranta, sai muka zaɓi Shaihu Umar na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Da yawa daga cikinmu mun karanta shi muna yara. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, in ka tambayi ɗalibi yau wane ne tauraron littafin, zai ce Umar. Mene ne jigonsa, zai ce haƙuri da neman ilimi. Amsa ce da aka hardace daga takardun share fagen jarrabawa, ba tare da an buɗe littafin ba.

To, bari mu bi zubin labarin. Shaihu Umar yana zaune a Rauta cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da labari. An haife shi a Kagara, uba ya rasu, uwa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Bayan wani harin kamen bayi, 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau sharri wai ya ɓoye ganima, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaro, ya faɗa hannun wannan, ya koma hannun wancan, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, inda ya yi karatu ya zama malami.

Ku lura da kyau, jama'a. A duk wannan tafiya ina abin da Umar ya ƙudura da kansa ya aikata? An ɗauke shi, an ba da shi, an koyar da shi. Wadda ta yanke shawara ta miƙe tsaye ita ce mahaifiyarsa. Ba wanda ya tilasta mata fita. Ita ta bar gida da ƙafarta tana cigiyar ɗanta, aka yaudare ta, ta wayi gari baiwa, aka ƙetare hamada da ita. Sa'ad da Allah ya haɗa fuskokinsu wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. A ganinmu nan zuciyar littafin take. Ɗa ya yi sa'ar ubangiji mai tausayi ya sami ilimi, uwa ta bi hanya guda da shi ta sami kabari. Ɗalibin da ya ce jigon haƙuri ne bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake tambayar da marubucin ya ajiye masa: me bauta take yi wa iyali? Marubucin bai hau mumbari ya tsine wa masu fataucin bayi ba, har ma ya zana Abdulkarim mutumin kirki, abin da ke ɗaure wa wasu kai. Ya bar makomar uwar ta yi magana.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba. A nan kusa, a Gimbana, rundunar Gobir ta afka wa jama'ar Malam Abdussalami gab da hijirar Shehu Usmanu ta 1804, ta kwashi mutane a ɗaure. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega daga baya, kasuwarta ta zama babban zangon fatake masu zuwa Gwanja. Yaron da aka nuna masa wannan alaƙa ba zai sake ɗaukar satar Umar a matsayin tatsuniya ba, balle a wannan zamani da garkuwa da mutane ta sake raba uwaye da 'ya'yansu a ƙasar Kebbi da Zamfara.

Saboda haka muna roƙon malamanmu, kafin su rubuta jigo a allo, su sa ɗalibai su lissafa abin da kowane mutum a labarin ya aikata da hannunsa, da abin da aka aikata masa. In an sami hali a nuna musu fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976, su gwada shi da littafin. Ga kwamitin ilimi na ƙungiya kuwa, muna ba da shawarar a cikin kasafin bana a sayi kwafi-kwafi na littafin a raba wa sakandarorin ƙananan hukumomin nan uku, a kuma sa shi cikin gasar muhawara ta shekara mai zuwa.