Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Koyar Da Kwatanta Bangon Mujallu



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai sayar da jaridu ya san cewa masu kallo sun fi masu saye yawa. Mutum zai tsaya, ya ƙare wa bangon mujalla kallo, ya wuce da abin da ya gani ya kai majalisa, alhali bai buɗe ko shafi ɗaya ba. Ashe ke nan bango shi ne shafin da aka fi karantawa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi a azuzuwan koyon aikin jarida. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna yadda malami zai koya wa ɗalibi karanta bango, da kuma dalilin da ya sa kwatanci ya fi kowace hanya kai wa ga biyan bukata.

Zahiri Da Baɗini

Ɗalibin da ya yi nazarin waƙa ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya saba neman jigo, da salo, da zubi da tsari, ya kuma san kirari daban, zambo daban. Bango ma haka yake. Jigonsa shi ne labarin da edita ya fifita a kan sauran labaran mako. Zubinsa shi ne inda aka ajiye hoto, da girman haruffa, da launi. Salonsa kuwa shi ne kalmomin babban kanu, watau ko tambaya ce aka yi, ko hukunci aka yanke, ko habaici aka jefa.

Wanda ya fi shahara da buɗe wannan ƙofa shi ne masanin nan na Faransa, Roland Barthes. A littafinsa Mythologies na 1957, ya ɗauki wani bangon mujallar Paris Match mai hoton wani yaro baƙar fata sanye da kakin sojan Faransa, yana sarawa. A zahiri, yaro ne ya ƙame. A baɗini kuwa, hoton yana gaya wa mai kallo cewa Faransa babbar daula ce, kuma 'ya'yanta, baƙi da fari, suna yi mata hidima da yardar ransu. An buga wannan hoto ne a zamanin da Nijar da maƙwabtanta ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Ba a rubuta kalmar ƙarya ko ɗaya ba, amma an kare mulkin mallaka ba tare da an ambace shi ba.

To, matsalar malami ita ce, idan ya ɗora bango guda a gaban aji, ɗalibi zai ɗauka cewa haka abin yake, ba yadda za a yi ya zama daban. Sai an ajiye na biyu kusa da shi sa'an nan ido ke gane cewa akwai hannun da ya zaɓa, ya rage, ya ƙara.

Mako Ɗaya, Mujallu Biyu

Misalin da ya fi dacewa a fara da shi daga Amurka ya fito. A watan Yuni na 1994 aka kama O. J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallo, baƙar fata, bisa zargin kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. 'Yan sanda suka ɗauki hotonsa kamar yadda suke yi wa duk wanda aka tsare. Mujallun Time da Newsweek duka suka sa wannan hoto a bangonsu na fitowar 27 ga Yuni. Newsweek ta buga shi yadda ya zo mata. Time kuwa ta miƙa shi ga mai zane, aka ƙara wa fuskar duhu, aka dusashe gefen hoton. Da a ce Time kaɗai ta fito, da wuya wani ya lura. Amma da aka jera su a teburin mai jarida, sai asiri ya tonu. Jama'a suka yi ca, suna cewa an haɗa duhun fata da laifi tun kafin a shiga kotu, har editan mujallar ya rubuta wa masu karatu yana nuna nadama. A watan Oktoba na 1995 kotu ta sallami Simpson daga tuhumar kisan.

Amfanin wannan misali ga aji shi ne, komai iri ɗaya ne, mutum ɗaya, hoto ɗaya, mako ɗaya, in ban da abu guda. Ya kamata malami ya kame bakinsa, ya bar ɗalibai su gano abin da kansu, domin gani ya kori ji.

Mujalla Ɗaya, Zamani Biyu

Hanya ta biyu ita ce a kwatanta mujalla da kanta. A watan Mayu na 2000, lokacin da yaƙin basasar Saliyo ke ci, mujallar The Economist ta Landan ta fito da taswirar Afirka, a cikinta akwai wani saurayi ɗauke da makami, ta kuma kira nahiyar da wadda aka ɗebe wa tsammani. A watan Disamba na 2011, ita dai wannan mujalla ta fito da wani yaro yana gudu, yana jan abin wasan nan da ake ɗaura wa zare a saki a iska, mai siffar Afirka da launukan bakan gizo, kanun kuma yana cewa Afirka tana tasowa.

Ɗalibi mai gaggawa zai ce na farko zambo ne, na biyu kirari ne, ya ajiye alƙalami. Aikin malami shi ne ya tura shi gaba ya nemo inda suka yi tarayya. A duka biyun an naɗe ƙasashe fiye da 50 an zuba su cikin jikin matashi guda. A duka biyun daga Landan aka yanke hukunci, domin masu karatun da akasarinsu ba mazauna nahiyar ba ne. Ke nan wanda ya yi zambon shi ne ya dawo ya yi kirarin, kuma bai canja wurin tsayawarsa ba. Wannan darasi ya fi na farko zurfi, domin yana nuna cewa kamanni ma abin tuhuma ne kamar bambanci.

Kayan Aiki Na Gida

Ba sai an ƙetare teku ba. Mujallar Newswatch, wadda Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka kafa, ta fara fitowa a 1985. Citizen ta biyo baya a Kaduna a 1990, Tell a 1991, sai TheNews a 1993. Ɗalibin da ya tara bangunan da mujallun Legas da na Kaduna suka fitar a makonnin da suka biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ya sami abin rubuta kundin digiri. Haka kuma mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, ta isa a tambaye ta: wa take sawa a bango, da wace irin sutura, kuma yaya Hausar kanunta take?

Yadda Za A Bi Da Darasin

Matakai huɗu sun wadatar. Na farko, ɗalibi ya bayyana abin da idonsa ya gani kawai, ba sharhi: mutum nawa, ina suke kallo, wane launi ya rinjaya, wace kalma ta fi girma. Na biyu, ya jera inda bangunan suka yi daidai da inda suka saɓa. Na uku, ya nemo wanda ya mallaki mujallar, da waɗanda take yi wa magana, da abin da ke faruwa a makon. Sai a na huɗu ne za a ba shi izinin fassara, kuma kowace magana tasa sai ya kafa mata hujja da wani abu da kowa zai iya nunawa da yatsa.

Akwai ramuka biyu da ɗalibai suka saba faɗawa. Ɗaya shi ne haɗa abubuwan da ba su da mahaɗa, kamar mujallar siyasa da ta girke-girke. Ɗayan kuwa shi ne ganin makirci a ko'ina. A fitowar Fabrairu ta 1982, National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta, domin hoton a kwance aka ɗauke shi, bango kuwa a tsaye yake. Laifi ne, kuma ya zubar wa mujallar da mutunci, amma ba ƙiyayya ce ta jawo shi ba. Wajibi ne ɗalibi ya iya rarrabe ƙuncin wuri, da neman kasuwa, da mugun nufi.

Kammalawa

A yau bango ya bar teburin mai jarida ya koma cikin wayar hannu, kuma abin da sai ƙwararre ke iya yi wa hoto a 1994, yanzu yaro na yin sa da ɗan yatsa. Saboda haka wannan darasi ya wuce bukatar mai neman zama edita, ya zama garkuwar kowane mai karatu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da ya rage wa malami shi ne ya koya wa ɗalibinsa cewa fuskar mujalla wani ne ya yi mata kwalliya, don haka kafin a gaskata ta, a ajiye wata kusa da ita.