Rabin Yini ga Mai Jego

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Wato da ta yi arba'in, ofis na jiranta, alhali likitoci na cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Mata da yawa a nan suke ajiye aiki. In mai jego ta nemi aikin rabin yini, sai a ce babu gurbi, duk da cewa lissafin kuɗi da shigar da bayanai a kwamfuta suna yiwuwa daga safe zuwa azahar. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata 6 a 2019. Masu kamfanoni, ku ma ku sassauta: ku ba mai jego rabin yini, ku biya ta gwargwadon aikinta.