Kuɗin Rumfa da Binciken Jami'a



Maganarmu ta yau a kan kuɗin gwamnati take, wato kuɗinmu. Da yawa daga cikinmu fatauci ne ya kawo kakanninsu Gombe daga Kano, Katsina da Zazzau, bayan da aka dawo da fadar masarauta nan Doma a 1919. Tun daga nan muke biya. A da haraji ne da jangali, ana zubawa a baitulmalin En'e. Yau kuwa kuɗin rumfa ne da na shago da na lodi, daga Babbar Kasuwa har Tudun Hatsi. Amma da an ce a tambayi inda kuɗin ya shiga, sai ka ji mutum ya ce, "A'a, mu baƙi ne, kada a ce mun zaƙe." To jama'a, mai yankan rasit ya taɓa tambayar asalin wani kafin ya karɓa?

Akwai masu yi mana wannan tambaya, mu ne ba mu kula da su ba. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ga ta nan Tudun Wada, ta Tarayya da ke Kashere kuma a 2011. Kowace shekara ɗaliban sashen akanta da na tattalin arziki suna rubuta kundin bincike a kan kasafin kuɗi da harajin cikin gida. Aikin nasu, in an yi shi da gaskiya, jera takardu uku ne. Kasafi ya faɗi abin da aka yi niyyar kashewa. Rahoton Akanta-Janar ya faɗi abin da aka kashe. Sai Odita-Janar, wanda sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa bin diddigi, ya kai rahotonsa Majalisar Dokoki cikin kwana 90 da karɓar lissafin. A tsakanin takardun nan ake gane kwalbatin da aka sa a kasafi ba a saki kuɗinsa ba, da wanda aka saki kuɗin ba a ga kwalbati ba. Ɗan kasuwa ai ya san wannan: littafin bashi daban, abin da ke cikin akwati daban.

Abin takaici, kundin yakan ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Mu kuma in yaran suka shigo kasuwa da takardar tambayoyi, sai mu ɗauke su 'yan leƙen asirin masu haraji, mu sallame su.

Ga shi kuwa ƙofa ta buɗe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yi hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muna da 11 a jihar nan. Ko nawa ke isa asusun kowace, aikin mai bincike ne ya bi sawu.

Don haka muke roƙon kwamiti abu biyu. 'Ya'yanmu da ke jami'o'in nan su zaɓo kundi guda a kan kuɗin shigar kasuwanni, su taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, a buga a mujallar nan. Sannan a gayyato malami daga sashen akanta taro mai zuwa, kowa ya zo da rasit ɗinsa na bara.