SON KAI CIKIN RIGAR SOYAYYA



Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan wani littafin Turawa ce mai suna Wuthering Heights, wanda wata 'yar Ingila, Emily Bronte, ta fitar a 1847, ta kuma rasu a 1848 tana da shekara 30. Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa, hukumar jarrabawa ta WAEC ta sanya shi cikin littattafan adabin Ingilishi daga 2021 zuwa 2025, saboda haka ya riga ya shiga ɗakunan 'ya'yanmu, kuma kirarin da duniya take yi masa shi ne wai babban labarin soyayya. Mu dai mun karanta shi daga bango zuwa bango, abin da muka tarar ya sha bamban da wannan kirari.

Labarin ya faru ne a karkarar arewacin Ingila. Wani magidanci mai suna Earnshaw ya tsinci yaro a kan titi, ya kawo shi gida, aka sa masa suna Heathcliff. Yaron ya tashi tare da 'yar mai gidan, Catherine, suka shaƙu matuƙa. Da uban ya mutu, sai ɗansa Hindley ya cire yaron daga karatu ya mai da shi ɗan aikin gona.

To, mu fara da Catherine. Da wani saurayi mai dukiya, Edgar Linton, ya nemi aurenta, ta amsa, sannan ta zauna ta bayyana wa mai aikin gidansu dalilanta: kyakkyawa ne, yana da abin hannu, zai ɗaukaka ta a kan matan yankin, auren Heathcliff kuwa zai zubar mata da daraja. Amma a wannan zama ɗin dai ta ce ranta da na Heathcliff abu ɗaya ne, kuma da dukiyar mijin za ta tallafa masa. Wato miji na aljihu daban, masoyi na zuciya daban, kuma ko kusa ba ta tsaya ta tambayi kanta wane hakki ne na mutumin da za ta aura ba. Daga baya da mijin ya ce ta zaɓi ɗaya, sai ta kulle kanta a ɗaki kwana 3 ba ci, don ta tsorata shi, alhali tana ɗauke da juna biyu. Ciwo ya kama ta, ta haifi 'ya mace, ta mutu a wannan dare.

Shi kuwa Heathcliff, ba za mu ɓoye cewa an zalunce shi ba, kuma duk mai karatu zai ji tausayinsa a farko. Amma ku dubi waɗanda ya rama a kansu. Bayan ya ɓace shekara 3 ya dawo da kuɗi, ya yaudari Isabella, ƙanwar Edgar, ya aure ta ba don yana sonta ba, sai don ya ƙuntata wa yayanta ya kuma kai ga gado. A daren da ya gudu da ita ma sai da ya rataye karenta. Ya ƙwace gidan Hindley ta hanyar bashin caca, ya riƙe ɗansa Hareton ya hana shi ko baƙi. Ya kulle 'yar Catherine, mahaifinta yana kan gargara, har sai da ta auri ɗansa mara lafiya, sannan ya bar ɗan nasa na cikinsa ya mutu ba tare da ya kira masa likita ba. Me waɗannan yara suka yi masa? Ba a ma haife su ba lokacin da aka fara wulaƙanta shi.

Adalci ne mu faɗa cewa marubuciyar ba ta lulluɓe ko ɗaya daga cikin wannan ba. Masu fim ne suka yi aikin. Fim ɗin da aka yi a Amurka a 1939 ya yanke labarin yaran gaba ɗaya, ya bar masoya biyu da hawaye, mutane da yawa kuma daga nan suka san labarin.

Don haka, 'yan'uwa, wanda ɗansa ko 'yarsa ya karanta littafin nan, ya zaunar da shi ya tambaye shi labarin Isabella da Hareton, ba na masoyan kaɗai ba. Ya tambaye shi kuma yadda aka ƙare. A ƙarshe 'yar Catherine, wadda a da take yi wa Hareton dariyar jahilci, ita ce ta sauke girman kai ta zauna tana koya masa karatu, suka shirya aure. Heathcliff yana kallonsu, ga gidaje biyu a hannunsa, amma sha'awar ramuwar ta fita daga ransa. Ya daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki aka tarar da gawarsa a ɗakin da Catherine take kwana tana yarinya, taga a buɗe, ruwan sama ya jiƙe shi.