Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa mutanen Tozai, lallai wata cuta ta shigo mana a ɓoye, har muna yi wa mai ita barka cewa ya samu. Ita ce teɓa, mai jawo hawan jini da ciwon suga.

Iyayenmu sun sha fura, sun ci tuwon gero, amma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwar Illela. Mu kuwa ko masallacin unguwa sai a kan babur, ga shayi kamar zuma, ga lemon kwalba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne kada suga ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, alhali kwalba guda ta cinye fiye da rabin wannan.

Gaggawa ce ke kayar da mu. Mutum ya ƙaurace wa abinci kwana uku, ya galabaita, ya koma gidan jiya. Ɗan'uwa, rage suga sannu a hankali. Nemi abokin tattaki bayan asuba, minti 30, wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ranar da kasala ta danne ka. Rabin kilo a mako ya wadatar.