Aikin Injiniyan Manhajar Waya da Rabon Garinmu a Cikinsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a madadin 'ya'yan gari masu aiki a kamfanonin fasaha

 

Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gaban iyayenmu domin mu amsa tambayar da ake yi mana duk lokacin da muka zo gida hutun Salla: wai shin wane aiki kuke yi? Wasu sun ɗauka gyaran waya muke yi. Wasu kuma, ganin yaro ya kwana a gaban kwamfuta, sai zuciyarsu ta raya masu cewa damfara ce. Sana'armu ita ce gina manhaja, wato abin nan da kuke taɓawa a fuskar waya ku aika kuɗi, ko ku duba lokacin salla, ko ku yi magana da ɗanku da ke nesa.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A shekarar 2001 layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, a 2008 ya buɗe kasuwar manhajojinsa, a shekarar ce kuma wayar Android ta farko ta shiga kasuwa. Waya ba ta da hankalin kanta, sai abin da aka umarce ta. Mu ne masu rubuta umarnin, da harsuna na musamman: Kotlin domin Android, Swift domin iPhone. Akwai kuma Flutter, wanda ke ba mutum damar yin rubutu ɗaya ya yi aiki a kan duka biyun.

A kamfani ba a yin aikin nan a kaɗaice. Akwai mai zana yadda fuskar manhaja za ta kasance, akwai mai kula da manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai, akwai mai gwaji wanda aikinsa neman kurakuranmu. Kowace safiya mukan yi ɗan gajeren taro, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Kuma duk ƙwarewar mutum, rubutunsa ba ya isa hannun jama'a sai abokin aiki ya karanta shi ya amince.

Dalilin wannan tsanani shi ne aikin amana ne. Mun taɓa sakin wata manhajar biyan kuɗi wadda muka gwada a ofis, inda intanet ke da ƙarfi, komai ya tafi daidai. Da ta isa wuraren da sabis ke ɗaukewa, sai mutum ya danna bai ga amsa ba, ya sake dannawa, a cire masa kuɗi sau biyu. Mun kwana a ofis kafin muka gyara, ta hanyar ba kowane ciniki lamba tasa ta daban, yadda ko an danna sau goma, sau ɗaya za a biya. Wanda ya tuna wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da cefanen gida ya koma kan waya, ya san abin da irin wannan kuskure ke jawo wa mai ƙaramin ƙarfi.

A nan ne rabonmu yake. Yaron da ya tashi a garin nan ya san ƙaramar waya mai cika da wuri, ya san tsadar data, ya san tsohuwar da ba ta karatun boko sai dai a aika mata saƙon murya, ya san cewa ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne da bai kamata a yi wasa da su ba. Wannan sani ba a samunsa a aji. Idan 'ya'yanmu ba sa cikin masu ginawa, za a ci gaba da ɗinka mana riga ba tare da an auna mu ba.

Ba kuma abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. 'Yan Nijeriya biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, su suka kafa Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Amma kada matasa su ji wannan su zaci dare ɗaya ake yi. Ana buƙatar lissafi, da Turancin da zai isa karanta bayanai, da haƙurin zama a kan matsala ɗaya kwana da kwanaki. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, a ware ɗaki guda a sa masa lantarki mai aiki da hasken rana, domin rashin wuta ne ke fara karya gwiwar mai koyo. Na biyu, a sa kuɗin intanet na ɗakin cikin kasafin shekara. Na uku, iyaye su bar 'ya'ya mata su shiga, domin a wuraren aikinmu muna da mata injiniyoyi da muke koyo a wurinsu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kawo kwamfutocin farko, da koyarwa kyauta a kowane dogon hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna fatan a yanke shawara kafin a tashi daga wannan taro, kada a bar ta sai baɗi.

Allah ya albarkaci garinmu da zuriyarmu, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.