Jawabi Kan Sanƙarau: Awo Kafin Rigakafi

Sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa a 1996, ya kuma sake ɓulla a Jigawa a 2023. Ƙwayoyinsa iri-iri ne, sai awo ke rarrabe su. Asibitin ƙauye ba shi da na'urar wannan awo. Don haka likita kan ɗebi ruwan ƙashin bayan majiyyaci, a aika ɗakin awon hukumar NCDC a Abuja, wanda jihohi suka yi tarayya a kansa. Sakamakon ne ke nuna rigakafin da za a kawo gari. Duk mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi Asibitin Rasheed Shekoni, Dutse, ko asibiti mafi kusa. Allah ya kiyaye, amin.